Yaya ake auna lafiyar kurmi da ƙaramin kuɗi? Tambaya kan dazukan Kurmi da gindin Mambila

Ɗan Gandu:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin daji. Akwai ƙungiyar matasa da ke son ɗaukar nauyin sa ido kan wani yanki na kurmi a ƙaramar hukumar Kurmi ta jihar Taraba, wajen hekta 2,000, irin dajin nan mai dogayen itatuwa da ake samu a gandun Baissa da Amboi da Bissaula. Kowa a garin yana cewa daji ya ragu, namun daji sun ƙare, rafuka suna ƙafewa da wuri. Amma da an je gaban hukuma ko masu ba da tallafi sai su ce ina shaida, kuma babu wani abu a rubuce.

Abin da ke hannu: mutum shida masu iya rubutu da karatu, wayoyin hannu, na'urar GPS ɗaya, da kuɗin da zai sayi kyamarorin daji kamar goma, ko wani abin daban idan ya fi amfani. To, da me za a fara? Kyamara za ta iya gaya mana yawan dabbobin da suka rage? Wasu kuma sun ce kada mu wahalar da kanmu, hotunan tauraron ɗan'adam sun isa tunda kyauta ne. Ina son bayani dalla-dalla, har da inda ake yin kuskure. Allah ya saka da alheri.

Mai Awon Itace:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin a sayi komai, a fahimci cewa awo ɗaya ba ya nuna ko daji na raguwa. Abin da ke nuna sauyi shi ne a auna abu ɗaya, a wuri ɗaya, da hanya ɗaya, a lokaci ɗaya na shekara, sannan a dawo a maimaita. Saboda haka duk abin da ba za ku iya maimaitawa bayan shekara biyar da ƙarfinku ba, kada ku fara shi.

A ganina a fara da itatuwa, don su ne ba sa gudu. Ana kafa fulotin awo na dindindin, mita 100 tsawo mita 100 faɗi, wato hekta ɗaya, a raba shi gida 25, kowane gida mita 20 sau 20. Wannan ne tsarin da masu binciken RAINFOR a Amazon da AfriTRON a Afirka suke bi, kuma in kun bi shi za a iya gwada sakamakonku da na Kamaru da Gabon da Ghana. Akwai wanda ya fi shi zurfi, na ForestGEO, inda ake auna duk itacen da kaurinsa ya kai santimita 1. Irinsa ne fulotin hekta 50 na Korup a Kamaru, mai itatuwa fiye da 300,000 da iri kusan 500, da kuma fulotin hekta 20 da ɗoriya na Ngel Nyaki a kan tsaunin Mambila. Wannan aikin shekaru ne da ma'aikata masu yawa, ba naku ba ne yanzu. Ku tsaya a santimita 10 zuwa sama.

Wurin da za a kafa fuloti kada ido ya zaɓa. Ido yana son inda manyan itatuwa suke, kuma fulotin da aka kafa a wuri mafi kyau ba abin da zai nuna nan gaba sai raguwa, don manyan za su faɗi. A zana layuka a kan taswira, a ba mahaɗarsu lamba, a yi ƙuri'a. Fuloti huɗu zuwa shida sun isa farawa: wasu a tsakiyar daji, wasu kusa da baki inda wuta da gatari ke kaiwa.

Wajen shata fili, kusurwa tana fita daidai da igiya mai alamar mita 12, 16 da 20. Kowane gida na mita 20, in an ja igiya daga kusurwa zuwa kishiyarta, dole ta ba da mita 28.28, in ba ta bayar ba, gidan ya karkace. A kan gangare kuma mita 20 na taswira ba mita 20 na ƙasa ba ne: a gangaren digiri 20 sai an ja mita 21.3. Wanda ya manta da wannan zai ƙare da fuloti ƙasa da hekta ɗaya, kuma duk lissafinsa na hekta zai fito ƙasa da gaskiya. A kafa turakun ƙarfe ko na siminti a kusurwoyi, na itace gara za ta cinye kafin damina biyu.

Awon kansa: a sami sanda mai tsawon mita 1.3, a jingina ta da itace ta gefen tudu, a auna a daidai kanta. In babu tef na kauri, a auna kewaye da tef mai ƙarfi a raba da 3.14. Tef ɗin tela yana miƙewa, kada a yi da shi. A goge gansakuka da ɓawon da ya saki, a zura tef ta ƙarƙashin igiyoyin daji da suka nannaɗe itacen, ba ta kansu ba. A rubuta har milimita. A shafa jan fenti a daidai inda tef ya zauna, don wanda zai dawo ya auna wuri ɗaya. Lambar itace a kan farantin alminiyam, a kafe ta da ƙusar alminiyam santimita 30 sama da wurin awo, saboda itace yana kumbura a inda aka soke shi, kuma kumburin zai shiga awo in ƙusar tana kusa. A bar ƙusa a waje kamar santimita 5, kanta ya ɗan sunkuya ƙasa, in ba haka ba itace zai haɗiye lambar.

Inda aka fi lalata aiki shi ne itatuwa masu ƙafafun gindi irin na rimi. In aka zagaya tef a kan ƙafafun, itace mai kaurin santimita 80 zai iya fitowa 150. Ƙa'ida ita ce a hau tsani a auna santimita 50 sama da inda ƙafafun suka ƙare, a rubuta tsayin da aka auna. Abin ya kai a damu da shi domin nauyin daji yana jikin manya ne. Da lissafin ƙiyasta nauyin itace na masani Chave na 2014, wanda aka fi amfani da shi, itace mai kaurin santimita 60 da tsayin mita 30 da matsakaicin taurin katako yana kai tan 3.3, mai kaurin santimita 10 da tsayin mita 10 kuwa kilo 35 ne. Babba ɗaya ya kusa ƙanana ɗari. Kuskure a manya biyar ya isa ya ɓata hekta guda.

Ku sa ran itatuwa 400 zuwa 500 a hekta. Wanda ba a san sunansa ba kada a yi masa cinta: a ba shi lambar wucin gadi, a rubuta sunan da mutanen wurin ke kiransa, a yanko reshe mai ganye, da fure ko 'ya'ya in akwai, a danne cikin jarida. A kurmi ganye yana ruɓewa kafin ya bushe, don haka a jiƙa ɗaurin jaridar da sifirit mai ƙarfin kashi 70 a ɗaure cikin leda mai kauri har a fito. Ma'ajiyar ganyayyaki ta cibiyar binciken gandun daji ta FRIN a Ibadan za ta iya tantancewa.

A dawo bayan shekara huɗu ko biyar, a wata ɗaya da na farko, don itace yana ɗan tsukewa da rani ya kumbura da damina, girmansa na shekara kuwa 'yan milimitoci ne. A daji mai lafiya kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na itatuwa ke mutuwa a shekara, wato biyar zuwa tara a hekta, sababbi kuma suna maye gurbinsu. Kowane mataccen a rubuta yadda ya mutu: a tsaye, ya karye, ya tumɓuke, wuta, ko kututturen sara.

Uwar Tsuntsaye:

Malam Mai Awon Itace ya yi bayani mai kyau, amma ban yarda a jira shekara biyar kafin a ga komai ba. Daji yana iya tsayawa cif da itatuwansa alhali an kwashe namun cikinsa. Tun 1992 masanin namun daji Kent Redford ya ja hankali kan wannan a dazukan Kudancin Amurka. Kuma yawancin itatuwan kurmi dabbobi ne ke watsa musu iri, birai da cilakowa da jemagu da gada. In suka ƙare, fuloti ba zai nuna ba sai bayan shekaru masu yawa, lokacin da manyan suka faɗi babu 'ya'ya a ƙarƙashinsu. Don haka a haɗa biyun.

Ƙanena Ɗan Gandu, amsar tambayarka kai tsaye: a'a, kyamara ba za ta ba ku yawan dabbobi cikin sauƙi ba, sai ga masu zane a jiki kamar damisa da ake iya bambance ɗaya da ɗaya. Gada ɗaya mai kwana kusa da kyamara za ta ba da hoto ɗari. Abin da kyamara ke bayarwa da gaskiya shi ne jerin irin dabbobin da ke tafiya a ƙasa, da kuma a wurare nawa cikin wuraren da aka kafa aka ga kowace iri.

Tsarin da TEAM, ƙungiyar masu binciken dazuka ta ƙasa da ƙasa, ta yi amfani da shi a dazuka masu yawa shi ne wurare 60, ɗaya a kowace murabba'in kilomita 2, kwana 30 kowanne, da rani, ba tare da sa abinci ba. Dajinku murabba'in kilomita 20 ne, to ku yi ɗaya a kowace kilomita, wurare 20. Da kyamara goma sai a yi zagaye biyu, kwana 30 a rabi ɗaya, a kwashe a kai ɗaya rabin. Wannan ya ba da kwanan kyamara 600. Ana son a kusanci 1,000 kafin jerin dabbobi ya fara cika, to ku bar su kwana 45 zuwa 50 in batir ya yarda.

Wajen kafawa, a je wurin da taswira ta nuna, a nemi turbar dabba mafi kusa cikin mita 50. A ɗaura a jikin itace mai ƙarfi da iska ba ta kaɗawa, santimita 30 zuwa 50 daga ƙasa, mita 2 zuwa 3 daga turbar, tana kallon arewa ko kudu don hasken hantsi da na la'asar kada ya riƙa tayar da ita. A yanke ciyawa da ganyen da ke gabanta. Idon kyamarar zafi da motsi yake gani, ganye ɗaya da rana ta gasa yana kaɗawa zai cika kati da hotunan banza dubbai ya kashe batir cikin mako. Kafin a tafi, mutum ya yi rarrafe a gabanta a duba ko ta ɗauka, sannan a nuna mata allo mai lambar wurin da kwanan wata da lokaci. Wannan allon ne zai cece ku, don kyamarori da yawa suna komawa tsohon kwanan wata da an canja batir.

Laima da tururuwa su ne manyan abokan gaba. A sa ƙunshin silika biyu, mai tsotse laima, a cikin kyamarar, a duba robar murfi, a toshe ramukan da ƙananan tururuwa ke shiga su yi gida. Batirin da ake sayarwa a kan tebur ba ya kai mako biyu. A nemi na litiyom ko mai caji na kirki, kuma kada a gauraya sabo da tsoho. Wajen lissafi, hotunan iri ɗaya a kyamara ɗaya cikin minti 30 a ɗauke su ziyara ɗaya. Manhajar MegaDetector tana ware hotunan da babu komai a ciki, kyauta ce.

A kiyayi saurin yanke hukunci. In bana an ga gada a wurare 14 cikin 20, baɗi 12, wannan ba shaidar raguwa ba ce. Da wurare 20 kuskuren lissafi yana kai kusan kashi 20 cikin ɗari sama ko ƙasa. Sai an ga gangara shekara uku, huɗu a jere.

Kyamarar ƙasa ba ta ganin biran sama. Su sai tafiyar layi da sassafe, a hankali, kamar kilomita ɗaya a awa, ana rubuta kowane garke da nisansa daga layi. In akwai biri mai ganga (chimpanzee), irin na Najeriya da Kamaru da ake samu a Gashaka Gumti da Ngel Nyaki, ba shi ake ƙirgawa ba, gadajen ganyen da yake yi a kan itace kowane dare ake ƙirgawa. Juya gadaje zuwa yawan birai yana bukatar sanin kwana nawa gado ke ɗauka kafin ya ruɓe a wannan dajin, kuma aron adadin daga wani daji yana iya ninka sakamako ko ya raba shi biyu. Hanya mafi aminci: a bi layi a sa wa duk gadon da aka gani alama, a dawo bayan mako biyu ko uku, a ƙirga sababbi kawai.

Ɗan Gandu:

Na gode Malam, na gode Hajiya. Abin da ke damuna shi ne sata. Kyamara goma ita ce dukiyar ƙungiyar gaba ɗaya. Sannan mafarauta 'yan gari ne, in suka ga ana ɗaukar hotonsu za a yi rigima. Akwai abin da za a fara da shi wanda ba ya bukatar na'ura?

Tsohon Gadin Daji:

Yaro, tambayar da ta kamata ke nan. Akwai, kuma shi ne zai fi saurin nuna muku halin da ake ciki: ƙirga alamun mutum. Dabba tana ɓuya, tarkon waya ba ya ɓuya.

A zaɓi hanyoyi shida zuwa takwas, kowace kilomita 3 zuwa 4, su ratsa sassan dajin duka. Mutum biyu ko uku su bi kowace sau ɗaya a wata, GPS a kunne tun daga farko har ƙarshe. Abin da ake rubutawa: tarkon waya, kwanson harsashi, bukkar mafarauta da ko tokar murhunta sabuwa ce, kututturen sara da kaurinsa da irin itacen, wurin da aka tsaga katako, sabuwar gona, kashin shanu, inda wuta ta ci. Kowanne da wurinsa a GPS da hoto. Duk tarko da kwanson da aka ƙirga a kwashe shi, in ba haka ba wata mai zuwa za a sake ƙirga shi.

Ga inda mutane ke ruɗewa. Su ce watan jiya mun cire tarko 40, wannan watan 70, farauta ta ƙaru. Alhali watan jiya kilomita 10 suka yi, wannan watan 25. Na farko tarko 4 ne a kilomita, na biyu bai kai 3 ba. Kullum a raba da nisan da aka taka. Ranar da aka fita ba a ga komai ba ita ma a rubuta ta, sifili ma sakamako ne. Manhajar SMART da ake amfani da ita a gandun daji da yawa, har da na Kuros Riba, don wannan aka yi ta, amma fom a manhajar KoboToolbox a wayar hannu ya isa farawa, kuma yana aiki ba tare da intanet ba. A riƙe littafi da fensir duk da haka. Biro yana narkewa a ruwan sama.

Kada a sare hanya mai faɗi da sunan layin bincike. Layin da kuka share da adda mafarauci zai gode muku, ya bi shi ya kafa tarko. A karya reshe kaɗan, a ɗaura ƙyalle, shi ke nan.

Maganar sata kuwa, kwaɗo da sarƙa suna taimakawa, amma ba su ne maganin ba. Kafin a kafa kyamara ko ɗaya a je wurin mai gari da sarkin baka, a zauna da mafarauta, a nuna musu na'urar a hannu, a yi alkawarin cewa hoton mutum ba za a kai wa kowa ba, share shi za a yi, kuma a cika alkawarin. A ɗauki biyu daga cikinsu aiki da lada. Su suka san turbar gada da ramin beguwa da itacen da ɗan kunya ke hawa, kuma ba su satar abin da suka kafa da hannunsu. In hotuna suka fito a fara nuna su a garin kafin a aika wa kowa. Gandun gwamnati kuma yana bukatar takardar izini daga sashen gandun daji na jiha, a nema tun da wuri. Wurin da aka ga biri mai ganga ko ɗan kunya kada a sa shi a Facebook da taswira, masu saye ma suna karantawa.

Da damina kada a ƙetare rafi bayan azahar in hadari ya haɗu a kan tudu, ruwa yana tasowa cikin mintuna. Takalmin roba mai tsawo dole ne saboda macizai, kuma kada mutum ɗaya ya shiga shi kaɗai.

Mai Taswira:

Baba ya faɗi gaskiya. Bari in amsa ɓangaren tauraron ɗan'adam, don waɗanda suka ce ya isa sun faɗi rabin magana ne.

Shafin Global Forest Watch yana nuna asarar itatuwa shekara-shekara tun daga 2001, daga hotunan tauraron Landsat da Jami'ar Maryland ke sarrafawa. Kowane ɗigo a hoton mita 30 ne sau 30, bai kai kashi ɗaya cikin goma na hekta ba. Ku zana iyakar dajinku a ciki, zai ba ku hekta nawa aka rasa kowace shekara. Wannan ita ce shaidar baya da ba ku da ita, kuma a yini ɗaya za a same ta. Ku yi rajistar saƙon gargaɗi kuma. Na Landsat gajimare yana makantar da shi, a kurmi kuwa ana iya yin watanni babu hoto mai kyau. Na RADD, daga Jami'ar Wageningen, da radar na tauraron Sentinel-1 yake aiki, ɗigonsa mita 10, yana ratsa gajimare. Rauninsa shi ne gangare mai tsanani da ƙasa mai ruwa, inda yakan yi gargaɗin ƙarya, don haka kowane gargaɗi sai ƙafa ta je ta gani.

Abin da sama ba ta gani ya fi yawa. In aka sare maɗaci ko loko ɗaya a hekta, rassan maƙwabta suna rufe gurbin cikin watanni. Gonar koko a ƙarƙashin inuwa daga sama daji ce. Wutar da ta bi ƙasa ta kashe ƙananan itatuwa ba ta taɓa rumfar sama ba sau da yawa ba ta fitowa. Farauta kuwa ko alama. Sannan abin da shafin ke kira asara ya haɗa da gonar itace da aka girbe da tsohuwar saura da aka sake sharewa.

Kan GPS: a ƙarƙashin rumfar ganye kuskurensa yana wuce mita 10, to a kusurwar fuloti a bar shi ya tara awo na wasu mintuna. A saita shi a ma'aunin taswira na WGS84, shiyyar UTM 32 ta arewa. Tsofaffin taswirorin gandun daji na Najeriya a kan ma'aunin Minna aka zana su, in aka ɗora su kan na yanzu ba tare da juyawa ba iyaka tana gocewa da gomman mitoci, kuma wannan ya isa ya haddasa rigimar gona.

Da ni ne, da kyamara takwas zan saya, sauran kuɗin a sayi na'urar naɗar sauti biyu ko uku irin AudioMoth. Batir uku take ci da ƙaramin kati. Don tsuntsaye da kwaɗi da birai a saita ta a kilohaz 48, minti ɗaya cikin kowane goma. Wannan yana cin kusan megabait 830 a yini, katin gigabait 32 zai kai kwana 38. Don ƙarar bindiga dole ta yi naɗi ba tsayawa, amma kilohaz 8 ya isa, katin zai kai kwana 23. A Korup an yi amfani da irin wannan hanya aka auna yawan harbi, aka ga akasarinsa da dare ne, lokacin da masu sintiri ba sa cikin daji. A sa ta cikin akwatinta ko leda mai zif, makirfo yana kallon ƙasa-ƙasa, nesa da rafi mai ƙara. A lura agogonta na duniya ne, awa ɗaya bayan na Najeriya, in ba a gyara ba za a rasa kukan asuba. Manhajar BirdNET tana gane kukan tsuntsaye, amma a kurmin Afirka tana kuskure sosai, musamman in gyare ya cika wuri ko ana ruwa. Sunan da ta bayar kada ya shiga rahoto sai wanda ya san tsuntsun ya saurara da kunnensa.

Bayanai a ajiye su wuri uku: kwamfuta, faifan ajiya a wani gida daban, da intanet. Takardun daji a ɗauki hotonsu a daren da aka dawo.

Mai Awon Itace:

Ƙari kan rafukan da Ɗan Gandu ya ambata, tunda ba wanda ya taɓa su. A kafa ma'aunin zurfi, sandar ƙarfe mai zanen santimita, a rafi biyu ko uku, a karanta ranar kasuwa kowane mako, a rubuta ranar da ruwa ya daina gudu kowace shekara. A haɗa da ma'aunin ruwan sama a gari, in ba haka ba ba za a san ko sara ne ya ƙafar da rafi ko ƙarancin damina ba. Sau biyu a shekara a tsaya a inda ruwa ke gudu kan tsakuwa, a tare ƙasa da raga mai ido rabin milimita, a tuttura tsakuwa da ƙafa minti uku, a juye cikin farin faranti. Tsutsotsin ƙwari masu jela biyu ko uku da masu gina wa kansu gida da yashi suna son ruwa mai sanyi da tsabta. In suka ɓace aka bar jajayen tsutsotsi da katantanwa, laka ko zafin rana ko guba ya shiga rafin.

Buzuzu ma ma'auni ne mai arha, don yawansa yana bin yawan dabbobin da yake cin kashinsu. A binne kofin roba bakinsa daidai da ƙasa, ruwa da ɗan gishiri da ɗigon sabulu a ciki, a rataya kashi a samansa, a yi masa rumfar ganye, tazarar mita 50 zuwa 100 tsakanin kofuna, a kwashe bayan awa 48. Masu bincike da yawa da bayan-gidan mutum suke tarkon don ya fi jawo iri-iri.

Uwar Tsuntsaye:

Malam, a dajin da ake zaton akwai biri mai ganga kada a kai bayan-gidan mutum ko kaɗan. Cututtukanmu suna kama shi, na ciki da na numfashi, mura ma tana kashe su. A yi da kashin shanu sabo, gram 50 a kowane kofi, daga garke ɗaya da ba a yi wa allurar tsutsa kwanan nan ba, don maganin yana fita a kashi ya kashe buzuzu. Zai jawo iri kaɗan, amma in an riƙe shi kowace shekara gwajin yana tsayawa. Masu aikin ma in buƙata ta kama su a daji su haƙa rami mai zurfin santimita 30 su binne, mai tari ko mura kuma ya zauna a gida ranar.

Ɗan Gandu, ga yadda zan tsara muku shekarar farko. Oktoba, zama da mai gari da mafarauta da neman izini, da ciro tarihin asara daga Global Forest Watch. Nuwamba a fara tafiyar wata-wata ta Baba, ba a fasa ta. Disamba zuwa Maris kyamarori, zagaye biyu, kafin ruwa ya sauka. A cikin wannan ranin a kafa fuloti biyu kawai, mutum biyar za su ci kamar mako ɗaya zuwa kwana goma a kowanne, sauran a bar su rani mai zuwa. Fulotin farko a gayyato wanda ya taɓa yin awon ya tsaya a kanku, sannan washegari wani daban ya sake auna itatuwa 30 ba tare da ganin lambobin jiya ba. In bambancin ya wuce milimita 3 a yawancinsu, a sake koyon riƙon tef kafin a ci gaba.